Ranar da Agogon Cliff Maslen Ya Tsaya

A ƙauyenmu, can gindin tuddan Wiltshire, kowa ya san Cliff Maslen da abu biyu: agogon hannunsa da taurin kansa. Shi agogon, marigayiya matarsa Doreen ce ta ba shi, kuma bai taɓa yarda ya yi lattin minti ɗaya ba. Taurin kan kuwa da shi aka haife shi.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana tuƙa tarakta a gonar gidan Pocock. Da ya ajiye aiki sai ya ƙirƙiro wa kansa wani. Duk bazara idan aka wayi gari an ga da'ira kwance a cikin alkama, baƙi suka cika ƙauye suna cewa halittun sama ne suka sauka, Cliff ne zai riga kowa shiga. Zai durƙusa ya duba karan, ya gano inda katako ya murƙushe shi, ya nemo ramin da aka kafa turke aka ɗaura igiya, sannan ya miƙe ya ɓata wa kowa rai.

"Katako da igiya," zai ce. "Da 'yan zaman banza guda uku."

Har sunan ya bi shi. A mashayar ƙauye Katako-da-Igiya ake ce masa, kuma yana jin daɗin sunan fiye da yadda yake nunawa.

Ran wata Talata a watan Yuli aka tashi da sabuwar da'ira, ƙatuwa, a gonar Judith Pocock, 'yar tsohon maigidansa. Judith ta tare shi a bakin shinge, ranta a ɓace.

"Ka je ka yi kallonka da wuri, tsoho. Ƙarfe sha biyu zan sa inji in aske ta. Bara sai da 'yan kallo suka tattake min rabin gona."

"Daidai ke nan, yarinya," in ji Cliff. Shekararta hamsin da biyu, amma shi har yau yarinya ce a wurinsa.

Ya bi sawun tarakta ya shiga, don mai hankali ba ya ratsa alkamar mutane. Aikin ya yi kyau, ko shi bai musa ba. Karan ya kwanta luf, duk ya juya gefe guda kamar an taje shi. Bai jima ba ya gano ramin turken, ya cusa ɗan yatsa ciki yana murmushi. Sai dai wani abu ya tsaya masa a rai. Can gefe, nesa da tsakiya, an bar wani ɗan kurmin alkama a tsaye, faɗinsa bai wuce faranti ba, kuma bai dace da zanen ba ko kaɗan.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya buɗa karan a hankali. Sheƙa ce a ƙasa, da baki huɗu a wangame. 'Ya'yan 'yar tsuntsuwar nan ne mai launin ƙasa, wadda ke tashi sama ta tsaya cak tana rera waƙa. Ashe 'yan zaman banzan sun gan ta, suka ɓata zanensu suka kewaye ta. Cliff ya ji sun ba shi kunya, ya kuma ji yana son su. Doreen takan tsai da shi a tsakiyar hanya don kawai su saurari wannan tsuntsuwa.

Kafin ya miƙe baƙi sun iso, sun kai ashirin, kowa da waya a sama. A gabansu akwai wani dogon mutumin Holan mai suna Lennart, da ke zuwa duk shekara da sandunan tagulla biyu yana auna ɓoyayyen ƙarfin da ya ce halittun sama ke bari a wuri. Shekara tara suna musu da Cliff, musun da ya kusa zama abota.

"Me ka gani a nan, Cliff? Sandunana suna ja na wurin!"

Cliff ya yi lissafi da sauri. In ya ce sheƙa ce, mutum ashirin za su rufu a kanta da hoto, uwar ta gudu, 'ya'yan su mutu. In ya ce ba komai, Lennart zai taka wurin da ƙaton takalminsa. Sai ya kai hannu baya, ya ja maɓallin agogonsa waje a ɓoye, agogon ya tsaya cak.

"Kada wanda ya matso," ya ce, ya ɗaga hannu. "Ina sunkuyawa agogona ya tsaya. Wanda ke son wayarsa ya ja baya taku goma."

Ban taɓa jin an ja da baya da sauri haka ba. Wata mata har ta cusa wayarta cikin riga. Lennart ya leƙa agogon, ya ga tsinken ya ƙame, idonsa ya kawo ruwa.

"Shekara tara, Cliff! Shekara tara nake jiran wannan rana!" Ya rungume shi. Cliff ya tsaya ƙiƙam yana haɗiye gaskiya.

Ƙarfe sha biyu Judith ta iso da inji. Cliff ya ja ta gefe ya raɗa mata zancen sheƙar.

"Kwana nawa?" ta ce.

"Mako guda su bar sheƙa. Ki ba ni goma."

Ta dube shi, ta dubi baƙin da suka zauna nesa-nesa a natse ba wanda ya taka kara ɗaya, dariya na cin ta.

"Na ba ka. Amma kai za ka yi gadi. Kuma duk wanda ya tambaye ka, ko a mashaya ne, abin da ka faɗa a nan shi za ka maimaita."

"Haba yarinya, sunana fa?"

"Sunanka ko tsuntsayenka, tsoho. Zaɓi."

Haka Cliff ya yi kwana goma a kan kujerar tafi-da-gidanka, da tulun shayi da burodi da cuku, yana nuna wa baƙi mataccen agogo. A mashaya kuwa sun same shi. Da ya shigo za a ce, "Ƙarfe nawa a duniyar Mars, Cliff?" Sai ya ɗaga musu agogon ya sha abinsa. Ya ji zafin abin ƙwarai, don sunan nan shekara da shekaru ya yi yana gina shi. Abin da ya fi damunsa ma shi ne agogon Doreen a tsaye.

Rana ta goma da safe ya buɗa karan, ya tarar da sheƙa wayam. Ya bi da kallo, ya hango ɗaya daga cikin 'ya'yan tsuntsuwar yana tsalle cikin alkamar da ke tsaye, uwar na can sama tana ta zuba waƙa.

Judith ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Ƙarfe nawa, yarinya?"

"Takwas da minti bakwai."

Ya saita, ya danna maɓallin, ya kai agogon kunne. Ya daɗe a haka, kunne ɗaya na jin agogon Doreen, ɗayan na jin tsuntsuwar.