Injin da Baba ya ɗora wa tsohuwar motarsa

Motar Baba ta girme ni. Da ita ya ci da mu, yana jigilar fasinja da buhunan hatsi tsakanin Dutse da Jahun. Shekarar da na fara koyarwa injinta ya buga. Kowa ya ce ya nemo irin na da, amma Baba mutum ne mai kafiya, kuma ya gaji da yadda matasan direbobi ke wuce shi a hanya suna ɗaga masa hannu. Ya sayar da shanun nomanmu biyu, ya tafi Kano, ya dawo da wani ƙaton inji da aka cire daga motar da ta ninka tasa girma.

Injin ya ƙi shiga. Aka yanka ƙarfe, aka yi walda, aka sake yankawa. Da ya zauna, giya ta ƙi dacewa da shi, sai da awakin Inna uku suka bi shanu. Daga nan lagireto ya yi kaɗan. Aikin da aka ce na sati biyu ne ya cinye damina guda, ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, don ina ganin gonarmu ana nome ta da shanun aro.

Ranar da za a ba shi motar ina garejin, na kai masa saƙon Inna. Bakaniken, wani dattijo marar yawan magana, ya kama hannun Baba ya ce, "Alhaji, tsohon birkinka ba zai riƙe wannan injin ba, na sa maka wani. Amma da inji yake aiki. In ka kashe inji, birki ya tafi. Na san halinku a gangare."

Halin kuwa shi ne, tsofaffin direbobi in sun hau gangare sai su murɗe makulli su kashe mota, ta gangara da kanta, don a rage shan mai. Baba ya yi dariya ya ce tun bakaniken bai san sifana ba yake tuƙi. Ni ban yi dariya ba.

Sabon injin ga ƙarfi, ga ci. Man da a da yake kai Baba Jahun ya dawo, yanzu da ƙyar yake kai shi. Ya daina hira in ya dawo gida.

Wata ranar kasuwa na bi shi, ina gaba, mata huɗu da kayansu a baya. Muna fita gari muka hau wani dogon gangare tsakanin duwatsu. Na ga hannunsa ya tafi wajen makulli. Ba na ma tsammanin ya san ya yi. Rugugin injin ya ɗauke, ba ka jin komai sai ƙarar taya, motar tana ƙara gudu. Can ƙasa garken shanu ne ke tsallaka titi.

Baba ya taka birki. Na ga ƙafarsa tana dannawa, abin ya ƙi motsi kamar dutse ya taka. Matan suka ɗauki salati. Ya murɗa makulli, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake murɗawa, ya kama. Muka tsaya da ƙugi, har ina jin hucin wata saniya ta taga.

Da muka wuce na ce, "Baba, don girman Allah kar ka sake." Ya ce, "Ke za ki riƙa zuba min man?"

Ban gaya wa Inna ba. Na rasa ta inda zan fara, alhali kuɗin awakinta na cikin motar nan.

Gidanmu a unguwar Takur kan tudu yake. Washegari da safe ina shirin makaranta Baba ya tayar da mota, tagogi suna karkarwa. Na tsaya a zaure da takalmi ɗaya a hannu, ina bin ƙarar da kunne. Ta wuce masallaci, ta wuce mai shayi, ta kai kwanar da titi ya fara sauka zuwa bakin makarantar firamare. A nan rugugin injin ya ɗauke lokaci guda, kamar jiya.