Ruwa Tukuna, In Ji Maigida

Komai ya sauya ranar da na ɗauko busasshen tsumma zan goge tasin maigidana.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara magana ba. Motar tana ƙofar gidanmu a Zango tana shan ƙura, yayansa har ya samo mai saye. A littattafan da nake karantawa, kalmar so ce take fara dawowa bakin majinyaci. Ita nake jira.

Ina ɗora tsumman na ji muryarsa daga kujera: "Hajara, ruwa tukuna. Za ki karce fenti."

"Me ka ce, maigida?"

"Zuba ruwa, ƙurar ta sauka."

Na zuba ina hawaye.

Ku sa mu a addu'a. Na faɗa wa Yaya ba za a sayar da motar nan ba.