Jakin da Ba Ya Son Kaki

Malami ɗan Tozai bai taɓa zama a ajin boko ba, amma duk ƙasar Isa babu wanda ya kai shi sanin jami'a, in dai a baki ne.

Sana'arsa ta asali fatauci da jaki. Tun yana saurayi yake ɗaukar gero da barkono daga kasuwar Isa da ta Sabon Birni ya tsallaka da su Nijar, ya komo da dabino da kanwa da atamfa. Jakuna da yawa sun bi ta hannunsa, amma wanda ya fi daɗewa shi ne wani baƙi mai yagaggen kunne da ake kira Ɗan Maraɗi. Jakin nan akwai ƙarfi, akwai haƙuri, aibinsa ɗaya ne. Da ya hango mutum cikin kaki, ko kwastan ko jandarma ko ma ɗan sikawut, sai ya saki hanya ya faɗa gonaki da kayansa, ba ya tsayawa sai ya sami inda zai laɓe. In aka tambayi Malami wa ya koya masa haka, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Halinai na, wallahi ni ban koya mai ba." Duk Tozai babu wanda ya taɓa yarda.

Da daji ya lalace, hanyar tsallake ta zama sai mai ƙarar kwana, Malami ya haƙura ya koma noma. Ɗan Maraɗi ya koma kai taki gona.

A wannan tsakanin ne 'yarsa ta uku, Radiyya, ta sami gurbi a wata jami'ar fasaha ta gwamnati, mai nisan yini guda a mota, inda za ta karanta injiniyancin noma. Sau ɗaya tak Malami ya je, ranar rantsar da sababbin ɗalibai, amma wannan zuwan ya ishe shi jari. Ya dawo da tarihin makarantar kaf: yadda ta faro a cikin wata tsohuwar makarantar koyon sana'a da 'yan ajujuwa da janareta mai tari, kafin gwamnati ta yanka mata daji ta mai da ita can. Kullum ya zauna majalisa a gindin dalbejiya sai ya maimaita, kullum kuma labarin ƙaruwa yake. Kafin shekara ta zagayo, har da shi a cikin waɗanda suka zuba yashin ginin farko.

Duk abin da Radiyya ta faɗa a hutu, Malami ya haddace. Ya san layin bokitai a famfon ɗakin kwanan ɗalibai, ya san garau-garau da ake dafawa a risho a ɓoye, ya san wanda ya faɗi jarrabawa ana cewa ya kwaso kari-oba. Wanda ya makara sallar asuba a Tozai, Malami zai sanar da shi cewa ya kwaso kari-oba. In malamai suka tafi yajin aiki, shi ma sai ya tsuke fuska a majalisa ya ce, "Mun tahi yaji, sai gwamnati ta ji da mu." Har sunan 'yarsa ya daina kira, sai Injiniya.

Yajin nan dai ya ci wa Radiyya lokaci, sai da ƙyar ta kai ajin ƙarshe. A ajin ƙarshe kowane ɗalibi sai ya ƙera wani abu da hannunsa, ita kuma ta zaɓi amalanken jaki mai birki, da akumarin da ba ya yi wa jaki miki a baya. A hutu ta auna Ɗan Maraɗi da tef tun daga wuya har wutsiya, ta ƙera komai daidai jikinsa. Malamin da ke duba aikinta, Dakta Nasiruddeen, ya gaya mata gaskiya: akwai Farfesa Is'haƙa da ake gayyatowa daga wata jami'a ya ba da maki, yini ɗaya yake yi a shekara. In amalanke ya yi tafiya da kaya a gabansa, ya juya, ya tsaya a gangara, ta gama karatu bana. In bai gani da idonsa ba, sai baɗi.

Ke nan dole Ɗan Maraɗi ya tafi jami'a.

Bilki, uwar Radiyya, ita ta fara hango matsala. Ta ce, "Malam, jakin ga da kas sani za ka kai inda masu gadi suke ko'ina? Ka hwaɗa ma ɗiyag ga gaskiya tun da wuri."

Malami ya ce, "Ke Bilki, ya manta. Tsuhwa ta kama shi. Ni kaina na manta, bale shi."

Aka sa jaki a motar shanu ranar kasuwar Isa, Malami ya hau gaba da babbar rigarsa ta sallah. Direba ya yi musu alfarma ya kai su har ƙofar jami'a. Suna tsayawa, Ɗan Maraɗi ya leƙo ta tsakanin katako ya hango masu gadi, sai ya nemi juyawa a cikin motar, ya taka wani bijimi, bijimi ya tunkuyi na kusa da shi, mota ta ɗauki rawa. Nan Malami ya san jakinsa bai manta komai ba. Amma da Radiyya ta taho da murna tana yi masa sannu da hanya, sai ya kasa gaya mata gaskiya.

Maimakon haka, sai ya shafe yammacin nan yana bin masu gadi ɗaya bayan ɗaya da goro. Ya gaya musu jakinsa kunya gare shi, don Allah gobe kada kowa cikinsu ya kusanci filin gwaji. Har ɗaliban da ke fareti da kaki a bayan laburare sai da ya roƙa. Kowa ya karɓi goro ya yi alkawari, yana kallonsa kamar wanda zafin hanya ya taɓa.

Da safe aka taru a filin da ke bayan wokshof, inda ɗalibai ke ƙere-ƙere. Radiyya ta ɗaura wa jaki amalanke, aka loda buhunan yashi. Farfesa Is'haƙa na zaune a ƙarƙashin rumfa, Dakta Nasiruddeen a gefensa. Malami ya duba gabas ya duba yamma, babu kaki ko ɗaya. Ya yi hamdala, ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai mai kula da wokshof, Malam Fatihu, ya tare shi.

"Baba, doka ce. Ba a shiga filin nan sai da rigar aiki da hular kwano."

Ɗalibai duk shuɗiyar riga suka saka, kuma shuɗiyar ta ƙare. Abin da ya rage a sito sai wata tsohuwa mai haɗe da wando, ta wani ma'aikaci da ya yi ritaya, kalarta kaki sak. Ta matse Malami, don haka sai da ya tuɓe babbar riga da wandonsa kafin ta shige shi. Ya ɗora hular kwano, ya hango kansa a gilashin taga, ya tsaya.

Kada a zalunce shi, tunanin jakinsa da kaki ya zo masa. Amma ga mutumin da ya shekara da shekaru yana cewa "jami'armu", yau ga shi a cikin rigarta, har da tambari a aljihu. Daɗi ya rufe shi. Ya ce a ransa, ai jakin nan a hannuna ya tsufa, ko buhu na shiga zai gane ni. Ya sa wani ɗalibi ya ɗauke shi hoto, sannan ya fito yana taku kamar shi ya gina wurin.

Ɗan Maraɗi ya ɗago kai. Kunnuwansa suka miƙe, har da yagaggen.

Malami ya ce, "Ɗan Maraɗi, ni na."

Wannan ya ƙara ɓata lamarin. A iya sanin jakin nan, mai kaki bai taɓa kiran sunansa ba, yau ga wanda ya san sunan har ya kwaikwayi muryar maigida. Kafin Radiyya ta hau, ya fizge igiya daga hannunta, ya juya da amalanke, ya ranta a na kare.

Ya ratsa gonar gwajin masara ta ɗaliban noma, wadda kowane layi ke da ɗan allo mai lamba, ya bar ta kamar an yi sussuka. Ya bi ta bayan ɗakin kwanan mata ya tsinke igiyar shanya. Ya bi ta layin famfo, bokitai suka watse, masu su suka bi shi da tsinuwa. Malami na biye yana ihu, "Tsaya, ɗan banza, ni na!" Jaki kuwa duk waiwayen da zai yi sai ya ga mai kakin nan bai haƙura ba, sai ya ƙara wuta. Masu gadi suka ji hayaniya, suka manta da goro, suka fito taimako ta kowace kusurwa. 'Yan fareti ma suka zo a jere. Tun da aka haifi Ɗan Maraɗi bai taɓa ganin kaki da yawa haka ba. Amalanken dai, a faɗi gaskiya, ko ƙusa bai zubar ba.

A bakin wani kwalbati numfashin Malami ya ƙare. Ya dafa gwiwa, ya waiwaya. Daga nan ana hango rumfa. Farfesa ya miƙe yana duba agogo, direbansa ya riga ya tayar da mota. Radiyya kuwa ba ta bi kowa ba. Tana nan tsaye inda jaki ya bar ta, da guntun igiya a hannu, ta sunkuyar da kai. Tsoro ya kama Malami, irin wanda bai taɓa ji ba ko a hanyar tsallake. Shekara guda cur za ta tafi, kuma shi ne ya jawo.

Ya daka wa masu gadi tsawa, "Ku koma! Don girman Allah ku ɓace!" Sannan, a tsakiyar jami'a, a gaban ɗalibai maza da mata, ya jefar da hular kwano, ya zuge rigar nan ya tuɓe ta. Abin da ya rage a jikinsa singileti ce mai huji a ciki, da gajeren wando iya gwiwa wanda Bilki ta ɗinka masa da ragowar atamfarta mai manyan furanni ja.

Nan take dariya ta fashe.

Malami bai kula ba. Ya yi ɗan fiton da yake kiran jakinsa da shi. Can sai ga kai ya leƙo daga bayan tankin ruwa, da ɗankwalin wata a rataye a kunne. Ɗan Maraɗi ya dube shi, ya taho a hankali, ya shinshina singiletin, ya yi kuka mai tsawo kamar mai kai ƙarar abin da wani mugun mai kaki ya yi masa.

Haka Malami ya ja shi suka ratsa taron, wayoyi na sama ana ɗauka. Dakta Nasiruddeen ya rufe fuska da fayil. Farfesa ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya dubi wandon, ya dubi jakin, ya ce, "Wannan bawan Allah fa, daga ina?"

Malami ya durƙusa. Bai yarda ya dubi inda Radiyya take ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mai hayar jaki na ni. Ɗiyag ga ba ta san ni ba, jiya munka haɗu. Laihina na, kada a aza mata."

Sai muryar Radiyya ta fito, kowa ya ji. "Ranka shi daɗe, babana na. Kuma in ka yarda, shi za ya riƙe man jakin."

Farfesa ya dube su. Ya sauke ƙafarsa daga mota ya ce wa direba ya kashe. Malam Fatihu ya fara, "Amma doka..." Farfesa ya ce a ba shi hula kawai, sauran a bar wa Allah. Aka tsinto hular kwano aka ɗora wa Malami. Ɗan Maraɗi ya dube ta, bai ga laifinta ba.

Radiyya ta hau. Malami ya riƙe igiya, da singiletinsa da furanninsa, suka tafi, suka juya a inda aka zana, suka hau tudun gwaji. A gangara nauyin yashi ya fara turo amalanke kan ƙafafun jaki. Malami ya rufe ido. Radiyya ta ja birki, tayoyi suka kame, komai ya tsaya cik. Farfesa ya zagaya, ya sa aka ɗaga akumari, ya shafa bayan jakin da ya gama zagaye jami'a a guje da kaya, bai sami ko ƙwarzane ba. Ya yi rubutu, ya ce da ita, "Injiniya, sauko."

Ɗalibai suka ɗauki tafi. Radiyya ta sauko, ta cire shuɗiyar rigar aikinta daga kan hijabi ta yafa wa ubanta. Ko rabin furannin ba ta rufe ba, amma ya riƙe ta da hannu biyu.

Ya ce a hankali, "Kin ci?"

"Na ci, Baba."

"Bana, ba baɗi ba?"

"Bana."

Malami ya zauna daɓas a ƙasa kusa da tayar amalanke, ya fashe da kuka, bai damu da wanda ke kallo ba.