Jarka Biyu a But ɗin Mota

A shekarata ta huɗu a Riyadh na fara zuwa Bahrain, ba don yawon buɗe ido ba, tuƙi ne ya kai ni. Direban gida nake a lokacin. Kafilina, wato wanda igamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke ƙarƙashin sunansa, ɗan kasuwa ne mai shagunan tayil, bai wuce shekara arba'in ba. Ina kwana a unguwar Manfuha, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Da sassafe nakan je in kai yaransa makaranta, da la'asar in kai matarsa inda za ta. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba, wannan zan shaide shi ko a gaban alƙali.

Sau ɗaya a wata, ranar Alhamis bayan azahar, yakan ce in cika tanki. Mu miƙi hanyar gabas, sahara dama da hagu, har mu kai doguwar gadar nan da aka shimfiɗa a kan teku. A tsakiyarta ake duba fasfo da kaya. Da zarar mun haye sai ya cire ƙyallen kansa ya jefa kujerar baya, ya ƙara sautin rediyo, ya zama wani mutum dabam.

Unguwar da yake sauka duk otal ne da mashaya, ƙofa na kallon ƙofa. Da magariba ta yi sai fitilu ja da shuɗi su kama, kiɗa ya riƙa fitowa daga ƙarƙashin ƙasa har ka ji shi a tafin ƙafarka. Iskar teku na kawo warin kifi da turare da hayaƙin shisha a haɗe. Na ga mazan da na san irinsu a sahun farko a masallatan Riyadh suna tafe suna tangaɗi, ana riƙe su. Ban raina su ba. Shiriya ba gadon gidanmu ba ce. Na dai kawar da kai.

Mu direbobi wurinmu filin ajiye motoci ne a bayan otal. Akwai wani dattijo ɗan Sudan, ya fi shekara ashirin yana wannan hanya, shi ke dafa mana shayi a kan ɗan murhun gas, shi ke jan mu salla a kan kwali. Ni kuwa in na gaji da hira sai in kunna fitilar cikin mota in rubuta wa maiɗakina wasiƙa da ajami, in ɗauki hoton takardar in tura mata ta waya, domin shi ne rubutun da muka iya mu biyu tun muna yara. Wata rana kafilina ya leƙa ya gani, ya yi ta ƙoƙarin karantawa ya kasa. Tun daga ranar ya raɗa mini Shaihi. In yana cikin nishaɗi sai ya ce, “Ya Shaihi, a sa mu a addu'a,” ya shige mashaya.

Na daɗe ina tambayar kaina ko aikin nan ya halatta. Abin da na tsayar shi ne, mutum nake ɗauka. In ban tuƙa shi ba zai tuƙa kansa, ya kashe kansa ko ya kashe ɗan wani. Da wannan na kwantar da zuciyata, ko daidai ne ko kuskure, Allah ne masani.

Dattijon nan ya taɓa ja mini kunne, muna shan shayi.

“Ɗan Najeriya, ka san dokar gada?”

Na ce, “Fasfo da takardar fita da dawowa.”

Ya yi dariya har ya ƙware. “Wannan ta takarda ce. Dokar gada ita ce, abin da ke aljihun maigida na maigida ne, abin da ke cikin but na direba ne. Kai za a ce ka fito ka buɗe. Shi yana zaune cikin sanyi yana danna waya.”

Tafiyar da nake son ba da labarinta ta zo saura mako uku igamata ta ƙare. Wanda bai zauna a Saudiyya ba ba zai gane nauyin wannan ba. In kafili bai sabunta maka ita ba, ka zama kamar wanda ya faɗo daga sama, ba aiki, ba asibiti, kowace motar 'yan sanda ka hango sai ka nemi wurin ɓuya. Ina da 'ya'ya biyar a gida da mahaifiya mai ciwon ƙafa. Duk abincinsu yana rataye da ɗan yatsan mutumin nan, ya danna a wayarsa ko ya ƙi.

Ranar Asabar bayan azahar muka yi shirin komawa. Al'adata ce tun ina tuƙin motar haya tsakanin Kano da Gusau, ba na kama doguwar hanya sai na duba mai da ruwa da idona, ko da motar jiya aka fito da ita daga kamfani. Na buɗe gaban mota, na ga ruwan lagireto ya ɗan sauka. Na zagaya but don in ɗauko jarkata, sai na tarar da jarka biyu sababbi, farare, irin na ruwan mota, an cusa su kusa da tayar safiya, tsakanin jak da dardumata. Na ce a raina, Allah ya saka wa maigida, ya tuna da mota. Na ɗauki ɗaya na kai bakin lagireto, na murɗe murfin.

Warin ne ya tsayar da hannuna. Fari ne tas kamar ruwan sama, amma ya doki hancina har idona ya kawo ruwa. Giya ce, wadda doka ta hana a shiga da ita Saudiyya.

Na mayar da murfin. Na fito da ɗayar ma, na jera su a ƙasa gefen taya, na je famfo na wanke hannu har gwiwa, na dawo na tsaya.

Ya sauko da tabarau baƙi, yana tafe a hankali irin na wanda kansa ke sarawa. Ya ga jarkokin, ya dube ni.

“Mayar da su, ya Shaihi. Yalla, yi sauri, rana na yi.”

Na ce, “Ɗal umrak,” wato ranka ya daɗe, “waɗannan ba za su shiga motar da nake tuƙawa ba.”

“Ruwan mota ne.”

“To bari in zuba wa motar, tana bukata.”

Ya cire tabarau. Ya waiga ko akwai mai jin mu. Dattijon Sudan na can jingine da motarsa, ya ƙura wa sama ido kamar mai neman jinjirin wata da rana tsaka.

“Mafi mushkila,” wato ba matsala, “ba wanda zai duba,” in ji shi, murya ƙasa ƙasa. “Sau nawa muka wuce? An taɓa buɗe jarka?”

“In ba a duba a gada ba, akwai inda za a duba. In kuma an duba a gada, wa za a ce ya fito ya buɗe but?”

Ya ce, “Ba kai za ka sha ba.”

“Mai ɗaukarta ma hadisi bai bar shi a baya ba. Kai ka fi ni sani, da harshenku aka faɗa.”

Nan fuskarsa ta canza. Ya matso har ina jin warin daren jiya a bakinsa. “Igamarka saura kwana nawa?”

“Ashirin da ɗaya.”

“Ashe kana ƙirgawa.”

Gida ya faɗo mini a rai. Na ga fuskar mahaifiyata, na ga 'yar autata da ban taɓa ɗauka a hannu ba. Amma bakina ya riga ya san abin da zai faɗa. Na zaro makullin mota na ɗora a kan but, na buɗe gaba na ɗauki fasfona, na naɗe dardumata na saƙale a hammata.

Na ce, “Ga motarka, ga kayanka. Shekara huɗu ina tuƙa ka, ko ƙwarzane ba ka taɓa samu ba. Kai zan ɗauka ko a wane hali kake. Wannan kuwa sai dai ka tuƙa da kanka, ka buɗe but da kanka.”

“Kai wa kake tsammani kake? Gobe in so in sa a yi maka fita ta ƙarshe, a mayar da kai ƙasarku.”

“Kana iyawa. Da ƙafata na zo ƙasarku, ba a jarka aka kawo ni ba.”

Dattijon Sudan ya yi tari mai kama da dariya. Kafilina ya tsaya yana kallon makullin. Ni na san ba zai iya awa biyar a kan hanyar sahara da wannan kan ba, shi ma ya sani. Ya yi wata ashar da ba zan rubuta ba, ya sa ƙafa ya ture jarka ɗaya ta gangara ƙarƙashin wata mota, ya buɗe ƙofar baya ya shige. Bai taɓa zama a baya ba sai ranar.

Na nemi ruwa na gaskiya wurin dattijon na zuba a lagireto. Na ɗauki makullin, muka bar jarkokin nan a filin, muka kama hanyar Riyadh.

Kwana goma sha tara ina kai yara makaranta ina duba waya. Ban roƙe shi ba. Abokan ɗakina sun ce in je in ba shi haƙuri, in ce shaiɗan ne. Na ce shaiɗan yana cikin maganar, amma ba ta wajena ya shigo ba. Saura kwana biyu saƙo ya shigo cewa an sabunta igamar. A ranar kuma akawun shagonsa ya kira ni ya karɓi makullin motar gida, ya miƙo mini na wata tsohuwar a-kori-kura. An ɗauko wani direban gidan, ni an mayar da ni dakon tayil, ni ne tuƙi ni ne sauke kaya.

Shekara uku na yi ina hawa bene da kwalin tayil a kafaɗa a zafin Riyadh. Can na samo ciwon bayan da har yau yake tsare ni in na yi ruku'u. Mun sha haɗuwa da kafilina a ƙofar shago, ya kalle ni ina haɗa gumi, yana jira ko zan ce wani abu. Nakan yi masa sallama in ɗauki kwali na gaba.