Ranar da Muka Kai Butoci Asibiti

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na ja matan unguwarmu zuwa asibiti, kowacce rungume da butar shayinta. Har gobe idan na tuna sai dariya ta kama ni, wani lokacin har da ƙwalla.

Lokacin wata huɗu ke nan da tasowarmu daga ƙauye zuwa cikin garin Anka. Ƙauyenmu na cikin waɗanda gubar dalma ta yi wa ɓarna, zamanin da ake daka duwatsun zinari a tsakar gida yara suna wasa cikin ƙurar. Na ga jana'izar yara fiye da yadda nake son tunawa. Shi ya sa da na haifi ɗiyata ta fari, maigidana ya ɗaure kekensa na ɗinki a mota ya ce gari za mu koma. Muka kama hayar ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Gidan kuwa har da famfo, ruwan yana zuwa daga tankin burtsatsen unguwa.

Famfo fa! Ni da na tashi da guga a hannu da tulu a ka. Makon farko ba ni da aiki sai murɗawa da rufewa, don kawai in ji ƙarar zubar ruwan. Duk baƙon da ya zo daga ƙauye, kafin ya zauna sai na kai shi ya gaisa da famfo. Na wanke mai datti, na wanke marar datti. Gaskiya ruwan yana da nasa halin. Sai in gaji da goga sabulu ba kumfa, wake ya cinye itace bai nuna ba, in na yi wanka kuma jikina ya yi fari fat kamar ban taɓa shafa mai ba. Amma wa zai yarda a ga laifin famfo? Na ce sabulun yanzu ne ya lalace, waken kuma tsoho ne aka sayar mana.

Wata Talata da hantsi na ɗauko butar da nake tafasa wa ɗiyata ruwan kunu. Kullum ɗauraya kawai nake yi, ranar dai rana ta haska cikinta, na leƙa. Gindin butar ya yi wani farin ɓawo mai kauri. Na sa cokali na kankara, sai ga gari mai tsakuwa-tsakuwa a tafin hannuna. Garin dutse a cikin abin da ɗiyata take sha! Wanda ya fito daga inda na fito, fassara ɗaya ya sani ga wannan.

Na kurma ihu. Inna ta fito da muciya a hannu.

“Ke ɗiyag ga, mi ya same ki?”

“Inna, dalma ta biyo mu! Diba cikin butag ga!”

Ta karɓa, ta leƙa, ta shinshina, har ta ɗan lasa ta tofar. Na zaci za ta kwantar mini da hankali. Sai ta shige ɗaki a guje ta fito da tata butar, wadda ɓawonta ya ninka nawa. Ta dafe ƙirji ta ce, “Na shiga ukku, ashe shekara da shekaru ita nika sha!” Matar da take da ƙarfin da za ta kayar da ni, a take ta fara jin jiri.

Na saɓa ɗiyata a baya, na zura hijabi a baibai, ƙafa ɗaya takalmina, ɗaya na maigida. Kafin mu kai bakin layi labari ya riga mu. Kowane gida ka ji ana ƙwanƙwasa murfi, sai mace ta fito tana salati da buta a hannu. Wata da ba ta da buta tukunya ta ɗauko. Wata Bafulatana mai tallan nono ta bi mu da ƙwarya a ka, ba ta ma san abin da ake gudu ba. Muka bi ta gaban shagon maigidana, ya miƙe da almakashi a hannu yana cewa, “Ina za ku? Wa ya rasu?” Ban tsaya ba, na ce masa, “Biyo mu kawai!” Haka ya baro rigar mutane a kan keke.

Malamar da muka tarar a asibiti babbar mace ce mai tabarau. Ta dube mu, ta dubi butoci, ta ce, “Walima aka yi ba a gayyace ni ba?” Muka fara magana gaba ɗaya. Ta ɗaga hannu ta ce wadda ta fara gani ita za ta yi bayani. Na buɗe tafin hannuna, garin ya jiƙe da gumi.

Ta murza shi, ta aika aka sayo mata lemun tsami a bakin ƙofa. Ta matse a cikin butata, muka kewaye ta kai da kai. Sai ɓawon ya fara ’yan ƙananan kumfa yana narkewa. Inna ta ja da baya ta ce, “La’ilaha, ta tahwasa ba wuta!”

Malamar ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce wannan farar ƙasa ce, ruwan burtsatse ke kwaso ta daga duwatsun ƙarƙashi, in an tafasa sai ta kwanta. Ita ke hana sabulu kumfa, ita ke sa wake taurin kai. Ta ce mu riƙa jiƙa butocin da lemun tsami ko ruwan tsamiya. Dalma kuwa, in ji ta, ba a ganin ta da ido a ruwa, jini ake aunawa.

Mata suka ɓarke da shewa, Inna ta warke daga jirinta. Ni dai ban yi dariya ba. Na kwance goyo na ce, “Malama, ki auna min ita.” Ta tambayi garinmu, na faɗa, nan take ta karɓi yarinyar. Aka ɗebi jini, aka ce mu jira. Na zauna a benci, maigidana yana tsaye har yanzu da almakashi, matan nan duk ba wadda ta tafi. Ban taɓa jin tsawon zama irin wannan ba.

Da malamar ta fito ta ce, “Ɗiyarki lahiya lau take,” ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a cikin asibiti ba. Inna ta kife butarta ta mai da ita ganga, sauran suka kama da murafe, muka yi ta rawa har maigadi ya kore mu waje yana dariya.

A bakin ƙofa kunya ta rufe ni, na koma na ba malamar haƙuri kan hargitsa mata aiki. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ki kawo min buta kullum, ban gajiya. Yaran da ba a kawo ba su ka hana ni barci.”

Maganar ta daki zuciyata, don na san gaskiyarta. A ƙauyenmu shiru muka yi. Yaro ya fara shiɗewa a ce zazzaɓi ne, wasu na tsoron a hana haƙar zinari, wasu na jin nauyin a ce sun cika tsoro. Har da ni a masu shirun.

An jima ana tsokanata a unguwa, yara na kirana uwar butoci, ban taɓa jin haushi ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka ga abin da ba ka gane ba a kusa da ɗanka, ka ɗauka ka je ka tambaya, ko da garin duka zai yi maka dariya. Na ga iyayen da suka ji kunyar tambaya, kuma na san inda ’ya’yansu suke kwance.