Inna Rediyo da Gardamar Tumatir

A asibitin nan ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Inna Rediyo ake ce mata, kuma wallahi ta ci sunan, don tun daga ƙofar kicin ake jin muryarta kafin a ji ƙarar keken abincin da take turawa. Aikinta rabon abinci a ɗakin maza. Mahaifinta kuku ne a jirgin ruwa. Duk dawowar da zai yi sai ya zaunar da ita tana yanka masa albasa, yana ba ta labarin inda kowane abinci ya fito. Bai bar mata gida ko gona ba, labaran nan su ne gadonta, ita kuwa ba ta rowarsu.

Ba ta miƙa kofin shayi ba tare da ta ce ganyen nan asalinsa ƙasar Sin ba. Nas-nas su ce, "Inna, a rage murya." Ta ce, "Maɓallin ya lalace, 'yan nan."

Sai aka kawo wani tsohon tela da karaya a ƙugu, bai daɗe da binne matarsa ba. Ya juya fuska bango, ya ƙi cin komai. Likita ya faɗa wa 'yarsa gaskiya: in bai ci ya yi ƙarfi ba, ba za a iya yi masa aiki ba, ba kuma zai sake takawa ba. 'Yar ta yi lallashi, ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah, duk a banza. Inna ta yi ta kwashe kwanonsa yadda ta ajiye, abin yana ci mata rai.

Amma ta lura da abu ɗaya. Mutumin da ya ƙi magana da 'yarsa ya buɗe baki ya ce wa nas ɗinkin aljihun rigarta a karkace yake. Inna ta ce a ranta, ashe ɗan gardama ne, to mun haɗu.

Da azahar ta ajiye masa shinkafa da miya, ta yi kamar ba ta gan shi ba, ta juya wajen mai gadon kusa.

"Ka ga tumatirin nan? Baƙo ne. Daga can Amurka jiragen ruwa suka yaɗa shi. Da ya isa Turai ma tsoronsa aka yi, aka riƙa shuka shi don ado. Barkono ma tare suka taho."

"Ƙarya kike yi," in ji tela, fuskarsa na bango.

"Na'am, Baba?"

"Na ce ƙarya ne. Maiɗakina a bayan ɗaki take shuka su. Irin kuma wajen kakarta ta samo."

'Yar, wadda ke zaune a gefen gado, ta ɗago kai. Tun rasuwar bai ambaci mahaifiyarta ba sai yau.

Inna ta ce, "Kakar tata fa, a ina ta samo? Ni dai, Baba, ba na jayayya da mai jin yunwa. Ko muryarka ba na ji sosai. Kai loma, sai mu yi ta da kyau."

Ya juyo ya galla mata harara. Don haushi kawai ya ɗauki cokali ya kai baki. Ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Ba haka take yin ta ba," ya ce a hankali.

Akwai sauran gadaje suna jiran abinci, kuma Inna ta san za ta sha faɗa. Duk da haka ta jawo kujera ta zauna. Matar da ba a taɓa jin ta yi shiru ba ta sassauta murya.

"Yaya take yi, Baba? Koya mini."

"Sai ta gasa tumatirin tukuna a kan garwashi," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Sannan ta ɓare bawon. Ba ta gaggawa."

Ya sake cika cokalin. 'Yar ta tashi ta fita baranda, ta toshe baki da mayafi don kada ya ji kukanta ya daina ci.