Ranar da Na Saci Amsa a Jikin Bango

Duk yadda shekaru suka ja, ba zan manta da ranar jarrabawar neman tallafin karatu da muka yi a Kalgo ba, ina aji uku na ƙaramar sakandare.

Tun haihuwa idanuna ke rawa. Kai-komo suke yi hagu da dama ba da izinina ba. Kakata a Gwandu kan tsokane ni cewa mahaifiyata ce ta cika kallon ruwan gulbi lokacin da take da cikina. Likitan ido shi ya bayyana mana dalilin da ya sa nake karkata kai in zan yi karatu: in na juya fuska hagu kaɗan na dubi takarda ta gefen ido, rawar takan lafa, haruffa su tsaya cik. A makarantarmu kowa ya saba da ni. A Kalgo kuwa babu wanda ya san ni.

Wata biyu na yi ina shiri. Fensir uku na fere, na jera su a kan tebur. Da aka raba takardu na karkata kai kamar kullum, na duƙufa. Ban ankara ba sai na ji an zare takardata.

"Kai, mi kaka nema ga takardar maƙwabcinka?" in ji malamin da ke tsaron ɗakin. "Dube ni nan."

Na dube shi. Matsalar ita ce tsoro na ƙara wa idanuna gudu.

"Kun gani? Idon marar gaskiya ke nan."

Doka ce duk wanda aka kama a fitar da shi, tallafin kuma ya wuce shi ke nan. Katin asibitina na cikin jaka a waje, bakina kuma ya ƙi buɗuwa. Ni da ko a gida sai an yi da gaske ake jin muryata.

Sai yaron da ke haguna ya ɗaga takardarsa. "Malam, in wurina yaka sata, wallahi ya yi hasara. Sunana kaɗai na rubuta."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wata dattijuwar malama da ke bakin ƙofa ta matso, ta ce kada a yi gaggawa. Ta sa aka ja teburina can kusurwa, inda babu kowa a haguna sai bango, aka mayar mini da takardata. Na zauna, na karkata kai, na ci gaba daga inda na tsaya.

Malamin ya daɗe tsaye a bayana. Can ya je ya shafa bangon da hannu, ya dawo.

"Yaro, bangon ga ya iya lissafi hwa," ya ce, yana danne dariya. Da aka tashi na kawo masa katin, ya karanta, ya ce in yafe masa. Tun kafin a tashi ma ya riga ya ƙara mini mintunan da aka cinye.

Na samu tallafin. Abin da ranar ta koya mini shi ne, shiru ba ya wanke mai gaskiya. Tun daga lokacin, duk ɗakin jarrabawar da na shiga, kafin in jera fensirina sai na je na yi sallama na ce, "Malam, idanuna suna rawa, ga katina."